Kuɗin Shiru

Sunana a ƙarshen fim yake zuwa,
bayan na mai kawo abinci, kafin na mai janareta,
ƙananan baƙaƙe masu gudu kamar an koro su,
daidai lokacin da kowa ke laluben takalminsa.
Labbo Arzika. A gefensa kalma guda: kiɗi.

A bayan labule na faro, a wasan 'yan makaranta,
can Rijiyar Ɗorowa.
Fallen kwano a hannuna, ni ne tsawa,
tsakuwa cikin ƙwarya, ni ne ruwan sama.
Ran da mai fitowa a alƙali ya manta zancensa
na sako hadari tun lokacinsa bai yi ba,
iyaye suka ɗaga kai suna duban sama, tsakiyar bazara,
aka watse ana dariya da nishaɗi.

Babana majemi ne.
Ya kama tafina ya sansana, ya ce:
"Mi a wagga sana'a da ba ta barin wari ga hannu?
Hwata ka jeme ta, ka ɗaga ta, a gani.
Wa ka sayen iska?"
Ban amsa ba. Har yau ina ɗauke da gargaɗi.

Ɗakina a Mabera, bango duk kwalin ƙwai.
Kafin in ɗauki sauti sai na kashe fanka,
gumi na ɗiga a kan madannan fiyano
kamar shi ma yana son a sa sunansa.
Na tara luguden safe, na tara kukan raƙumin Kara,
na kwana a ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa
sauro na cin rabonsa, ni ina naɗar kwaɗi.

Sai Haliru ya zo da fim ɗinsa.
"Uwar yaron za ta cika a minti na saba'in.
Sa mini goge, Labbo, wanda zai tatsi hawaye ko daga dutse."
Na ɗauko tsoho Jabbo daga Wamakko, kwana uku muna ja.
Duk abin da muka ja, kukan haya ne,
ga ƙara, ga kwalliya, babu raɗaɗi.

Dare na huɗu wuta ta ɗauke, na zauna cikin duhu,
na tuna asubar da Inno ta tafi.
Wa ya kaɗa mana wani abu?
Randa ce kawai ke yoyo a kan kasko,
ɗis,
kaza na tono a gindin zogale,
maƙwabci ya kashe rediyonsa ana tsakar faɗi.

Shi na ba Haliru: daƙiƙa arba'in,
ɗigon ruwa uku, sauran babu komai.
Ya duba agogo, ya dube ni.
"Shiru ma sai na biya?"
Ya lissafa da biro a bayan kwalin ashana, ya zabge kuɗi.

Ran da aka haska shi a Gawon Nama ina layin baya.
Minti na saba'in ya zo, ɓarar gyaɗa ta tsaya.
Wani ƙato kusa da ni, mai sayar da taya,
ya cire hula ya rufe fuska da ita.
Ɗigo na biyu ya faɗi, na uku,
ko tari babu, balle taɗi.

Da zan koma gida na hau kabu-kabu.
Yaron na tuƙi yana fito da baki,
wani sautina ne na shekara bakwai baya,
wanda na sayar a kuɗin buhun gero.
Na ce, "Na wa ne wannan?" Ya ce, "Oho, na fim ne."
Bai rage mini ko naira goma ba.
A gaɓa ta uku yake kuskure, yana hawa inda na sauka.
Na shiga ɗaki ko riga ban tuɓe ba,
na kashe fanka, na gwada irin nasa.
Wallahi nasa ya fi daɗi.